Ajiyar Abdulwahid a Mangazar Wake

Dogon Dutsi, 5 ga Oktoba

Abdulwahid,

"Gwaggo, wata uku kawai. Kafin Husaina ta ga gindin buhun geron da na bar mata, na dawo na buɗe sal ɗin, ɗakin wasan nan, da hannuna." Maganarka ce, ranar da ka zo yi mini sallama za ka Lome. Yau wata goma sha huɗu. Geron ya ƙare, buhun ma an farke shi an yi wa kaji inuwa.

To, ga gaisuwa, kada ka ce na fara da faɗa. Ina fatan kana lafiya, da aiki, da zaman baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata ta dama tana nan da halinta, amma tana kai ni kolej tana dawo da ni. Matarka Husaina lafiya lau. 'Yarka Nusaiba ta yi zazzaɓi cikin damina ta warke, yanzu duk mai dogon wuya da ya wuce sai ta ce Baba ne.

Tun azumi wayarka ba ta shiga, shi ya sa na koma takarda. Gado direban motar albasa zai kawo maka ita.

Shekara huɗu ka yi a gidana lokacin da aka kawo ka daga Dumega don karatun kolej. Zumuncinmu mai nisa ne, uwata da kakanka 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ni na duba maka kai lokacin da ka yi ƙwarƙwata, saboda haka ina da bakin magana. Na ba ka shagon ƙofar gidana ka sa na'urorin wasan bidiyo shida da talabijin shida. Husaina ta iya aikin fiye da kai. Ita ke raba wa samari layi, ita ke gyara manet, abin riƙewar nan na wasa, in maɓalli ya maƙale, ita ke kashe komai in an kira salla ba tare da kowa ya yi gunaguni ba. Da wannan shagon take ci, take sha, take ɗinki. Sai ka karanta wani labari cewa sabuwar na'ura tana tafe, ka naɗe duka shida cikin kwali, ka ce kada a ƙara kunna su don kada su tsufa, ka shiga mota.

Ka san inda Husaina take yau? Tana Dumega tana roron wake a gonakin mutane, ana auna mata ladanta a tiya. Ɗalibaina kuwa duk sun koma sal ɗin Rabilu a bayan tasha, inda na'ura uku ce kawai kuma fanka ɗaya.

Cikin damina ƙanen babanka Is'haƙa ya zo da amalanke ya kwashe kwalayen, ya ce ka kira shi ka ba shi ajiya. Ashe ka samu wayar kiran Is'haƙa, ta kiran matarka ce ba ka samu ba.

Ni ma ina karatu, ɗana. Labaran nan na sabuwar na'ura na bi su da Faransanci ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce baɗi, wancan ya ce shekara uku, kuma kowannensu "wata majiya ta ce". Majiyar ba ta da suna, ba ta da mata a gonar wake.

Ka aika wa Is'haƙa ya dawo da kayan, Husaina ta buɗe. Abin da nake nema ke nan.

Gwaggonka,
Ummulkhairi

Lome, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Akwai wani man zafi da ake sayarwa nan, na ba Gado kwalba ɗaya. Ki gai da Husaina, ki shafa mini kan Nusaiba. Ni lafiya ƙalau, aiki muna ta yi a shagon wani Alhaji mai kayan lantarki na hannu kusa da tashar jirgin ruwa.

Gwaggo, na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ban ji haushi ba. Amma ke kika koya mana a ajin kimiyya cewa a duba abu tun daga tushe. Ki ba ni dama in shimfiɗa miki.

Manyan masu ƙera na'urorin nan uku ne, biyu a Japan, ɗaya a Amurka. Abin da ake ta faɗi shi ne na Amurka ya gaji da ƙera akwati, yana so ya koma sayar da wasanni kawai, a kunna su a waya ko kwamfuta ko talabijin, mutum yana biya wata-wata kamar kuɗin kallon tashoshi. In ya janye, babban na Japan ya rage shi kaɗai a wannan fili, sai ya sa farashin da ya ga dama. Sannan ana cewa sabuwar tasa ba za ta zo da ramin sa faifai ba, komai sai an sauke ta intanet. Ga kuma ƙananan sassan nan na ƙwaƙwalwar na'ura, an ce masu gina manyan kwamfutoci suna wawashe su, saboda haka duk abin da za a ƙera nan gaba zai yi tsada.

Yanzu ki haɗa su. Wa zai iya sabuwar a Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, inda intanet ke zuwa kamar baƙo? Ba kowa. Kowa zai dawo neman mai cin faifai. Ranar da kamfanin ya tsaya ya yi sanarwa, irin nawa za su zama abin nema, musamman waɗanda ba su sha wuta ba. In sayar da shida, in sayi sababbi biyu da tsofaffi goma, in zama ni kaɗai ke da sabuwa daga Doso har Konni. Kuma an ce za a yi wata ƙarama ta riƙewa a hannu mai batir, wadda ko an ɗauke kuran, wutar lantarki, wasa ba zai tsaya ba. Ki yi tunanin wannan a Dutsi!

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Baba Is'haƙa yana sayen wake da kaka, ya rufe mangaza, ɗakin ajiyarsa, ya toshe kunnensa, sai bazara ya buɗe. Ba wanda ya taɓa ce masa mahaukaci. Wakena nake ajiyewa, Gwaggo.

Game da kayan, ki kwantar da hankalinki. Na ji rufin shagon yana yoyo, shi ya sa na sa aka kai su mangazar waken tasa. Siminti ce, rufin kwano, ba ruwa. Ko kyankyaso ba ya rayuwa a ciki, don in ta cika yana sa ƙwayar maganin nan ya rufe ƙofa ya liƙe. Duk Dutsi ba inda ya fi nan tsaro. Na sa ya rantse mini ba zai motsa su ba, ba zai bari a taɓa ba, sai ya ji muryata.

Husaina ta ƙara haƙuri kaɗan. An ce sanarwar ba za ta wuce farkon shekara ba.

Ɗanki,
Abdulwahid

Dogon Dutsi, 8 ga Nuwamba

Abdulwahid,

Muna lafiya, man zafin ya iso, na gode. Gaisuwar ke nan, ba ni da lokacin wata.

Shekara huɗu ina koya maka kimiyya, ashe bango nake yi wa magana. Ƙwayar da ake sa wa wake, in ta sha iska, tana fitar da wani hayaƙi marar launi da muke kira fosfin. Yana kashe ƙwari, haka ne. Yana kuma cin jan ƙarfe. Cikin na'urarka kuwa me ke akwai? Siraran hanyoyin jan ƙarfe, sun fi gashin kai laushi. Kwali ba ya tare hayaƙin nan, leda ba ta tare shi. In Is'haƙa ya liƙe ƙofar nan mako guda, abin da za ka buɗe a bazara akwatunan roba ne shida masu kyan gani.

Ina gama karanta wasiƙarka na sa mayafi na tafi mangazar. Na tarar da kwalayenka a lungu, an jera buhuna har sun kusa rufe su. Na yi wa Is'haƙa bayani. Ya ce, "Malama, shekara ashirin ina sa ƙwayar ga, ban taɓa ganin ta ci ƙarhe ba. Ƙwaro dai taka ci."

Na ce, "Ina sikelinka mai lamba da ka sayo bara?"

Ya ce, "Ya mutu. Kayan zamani ne, ba su da ƙarko."

"A ina ya kwana lokacin da ka sa magani?"

Ya nuna mini cikin mangazar. Sai ya ce rediyonsa ma a nan ta mutu, amma ita ya ɗauka iskokin wurin ne ba su son surutu.

Na ɗauki sikelin na kai wa Rabilu, don duk garin nan shi ke da ƙananan sukurdirebobi. Ya buɗe a gaban Is'haƙa. Ciki ya yi baƙi, wani wurin kore-kore, wayoyin suna karyewa kamar busasshiyar ciyawa. Rabilu ya ce in na'urorinka suka yi haka ba mai gyara su, kuma abin tausayi ne, don ya san su, masu kyau ne.

Is'haƙa ya yarda, amma ka ɗaure shi. Na ce ya mayar da su ɗakinsa kawai. Ya ce, "Yaron ga cewa ya yi in rantse, kuma na rantse. Wanda ya ba ni ajiya shi ka tashe ta." Na ce zan yi masa azumin kaffara. Ya ce, "Malama, ke da kinka yi karatu, a ina kinka ga an yi wa mutum azumi shina raye shina cin tuwo?" Yana sayen wake har ƙarshen watan nan, daga nan dole ya rufe, in ba haka ba ƙwari su cinye masa shekara.

Yanzu lissafinka. Wake ana cinye shi, shi ya sa yake tsada a bazara. Na'ura ba mai cinye ta. Ranar da sabuwa ta fito, duk yaron Turai zai tura tsohuwarsa waje, a loda su a kwantena, kuma a ina ake sauke kwantenar? A gaban hancinka. Kamfanin Amurka ya janye ko ya zauna, a sa ramin faifai ko a toshe shi, ɗalibaina wasa ɗaya suke so, ƙwallo, kuma da wadda ke gabansu suke bugawa. Wake in ya zauna yana jiran kasuwa ne. Na'ura in ta zauna tsufa take yi, ko an kunna ko ba a kunna ba.

Ka nemi waya yau ɗin nan ka kira Is'haƙa. Ka ce ya ba ni su.

Ummulkhairi

Lome, 22 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ni na yi ciwon baya kwana biyu, ya wuce.

Na ga sunan Rabilu sau biyu a wasiƙarki. Ya san su, masu kyau ne. To, na gane. Tun kafin in taho yake bi na in sayar masa, na ƙi. Yanzu ya samu hanya ta wajenki, an kawo sikeli an yi wasan kwaikwayo, sai kuma "ka ce ya ba ni su". Ban zaci haka daga gare ki ba. Ban ba da izini ba.

Na rubuta wannan na sama jiya, na so in yage, amma takardar ke nan gare ni. Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ba na tsaron shago. Wanda ya kira ni Lome ya ce zan riƙe masa reshe, da na iso na tarar ya ba ɗan matarsa. Dako nake yi. In kwantena ta zo, mu ke sauke firji da talabijin a ka. Wayata ta faɗi a ƙarƙashin wani firji tun azumi. Labaran da nake ba ki, a kwamfutar shagon nake karanta su da rana in yaran Alhaji sun tafi cin abinci. Ranar da na ari waya na kira Baba Is'haƙa, na danna lambar Husaina har rabi, na goge. In ta ce yaya aiki, me zan ce?

Maganar kwantena kuma, na gani. Makon jiya ma na sauke irin nawa sun fi ashirin, wasu ko kwali babu, an zuba su kamar kwanoni. Na ce wa kaina wannan somin-taɓi ne kafin su ƙare.

Gwaggo, duk Dumega an san na tafi ne don in dawo da sabuwar na'ura. Abokaina har suna suka sa mini. In aka buɗe sal ɗin da tsofaffin nan, kowa ya san abin da ya faru da ni. Kwalayen nan shida su kaɗai suka rage da nake cewa ina da wani shiri. In kin fitar da su, ni ɗan dako ne kawai.

A bar su zuwa farkon shekara. Wataƙila hayaƙin ba zai kai lungun ba.

Abdulwahid

Dogon Dutsi, 5 ga Disamba

Ɗana Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Yaya bayan? Ka riƙa durƙusawa kafin ka ɗaga kaya, kada ka sunkuya. Man zafin da ka aiko mini na mayar maka da rabi, ka fi ni bukata. Husaina ta dawo daga Dumega da wakenta, ta yi baƙi ta rame, amma lafiyarta ƙalau. Nusaiba ta iya ƙirga har goma, tana tsallake bakwai.

Rabin wasiƙarka na farko ya sa na yi kwana biyu ban iya amsawa ba. Ni, da na ba ka shago ban taɓa tambayarka komai ba, ni zan haɗa baki da Rabilu? Sukurdireba na je nema. Ba zan ƙara magana a kan wannan ba, kai ma kada ka ƙara.

Rabi na biyu kuwa na karanta wa Husaina, don hakkinta ne. Ka yi fushi in kana so. Ka san abin da ta ce? "Gwaggo, ai na sani tun da daɗewa. Gado ya gane shi da firji bisa kai, matar Gado ta hwaɗa min. Ni jira nike shi hwaɗi da bakinshi." Wata shida tana riƙe da wannan, tana roron wake, ba ta gaya ko mini ba don kada a rage maka daraja. Wannan ce matar da ka goge lambarta.

Dako ba abin kunya ba ne. Ubanka da jaki ya yi jigilar kanwa har ya aurar da ƙannensa uku. Abokanka masu sa suna, rabinsu a sal ɗin Rabilu suke wuni, da ka buɗe za su dawo suna roƙon a bar su su ƙarasa wasa.

Game da kamfanonin nan, zan yi maka adalci. Ban san abin da za su yi ba. Wataƙila na Amurka ya janye, wataƙila sabuwar ta zo ba ramin faifai, wataƙila tsadar ta sa mutane su riƙe tsofaffinsu har irin naka su yi daraja. Ina zaton su kansu masu kamfanin suna zaune a wani dogon bene suna canza shawara duk wata. Bambancinka da su, in sun yi kuskure ba 'yarsu ke rasa takalmi ba. Amma hayaƙin fosfin ba jita-jita ba ne. Zai kai lungun. Aikinsa ke nan, kai wa lungu.

Is'haƙa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Tun ƙarshen wata yake fitar da buhuna rana yana mayarwa, shi da bayansa na tsufa, don ya ba ka lokaci. Ƙwari sun fara huda. Ranar Asabar ashirin ga wata zai sa ƙwaya ya liƙe ƙofa, kuma ba zan roƙe shi ya ƙara ko yini ɗaya ba.

Gado zai miƙa maka wasiƙar nan da hannun dama, wayarsa da na hagu, lambar Is'haƙa tana kai. Kalma uku ce: a ba Husaina. In ka gama, lambar da ke biye tata ce.

Kana da har a sauko daga masallaci ranar Juma'a, sha tara ga wata. In ba a ji muryarka ba, zan je mangazar da amalanke, da rana tsaka, kasuwa tana ci. Na tambayi liman, ya ce wanda aka fi ƙarfi bai karya rantsuwa ba. Na gaya wa Is'haƙa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, in kin hi ni ƙarhi, wannan wata magana ta." Ka san jikina, ka san nasa. Zai tsaya a ƙofa, zan matsar da shi, a gaban shaidu, don kowa ya san ni na ƙwace, shi bai ci amana ba.

Huɗu Husaina za ta kunna ranar Lahadi. Biyu zan sa su a kabad ɗin littattafaina yadda ka naɗe su, ba mai taɓawa, su jira sanarwarka. In ka ci, ni zan fara zuwa in ce ka fi ni gani.

In kuma kana ganin sata na yi, kana da hakkin kai ni ƙara. Sai dai ba a shigar da ita daga Lome, sai ka zo Dutsi da ƙafarka. Husaina ta ce ka faɗa wa Gado ranar, don ta san yawan tuwon da za ta tuƙa.

Gwaggonka,
Ummulkhairi